Niyasin Da Tuwon Masara: Abincin Da Ke Ba Jiki Bitamin B3

Niyasin, wanda aka fi sani da bitamin B3, ɗaya ne daga cikin bitamin takwas na dangin B. Abin da babban mutum yake buƙata a yini bai wuce nauyin ƙwayar gero biyu ba, amma in aka rasa shi na wata biyu zuwa uku, fata da hanji da ƙwaƙwalwa duk sukan taɓu. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, abin da ya yi saura fitsari ke fitar da shi, saboda haka kusan kullum sai an samo shi daga abinci.

Maganarsa ta dace da wannan lokaci. A gidaje da yawa na arewacin Najeriya, masara ce abincin dare, ita ce ɗumamen safe, ita ce kuma kokon yara. Nama ya zama na ranar salla ko suna, kifi sai an taki sa'a, gyaɗar da ake zubawa a miya kuma ta ragu saboda tsada. Ciki yana cika, amma abin da ke rakiyar tuwon yana ƙanƙancewa. A tarihi, irin wannan yanayi ne ya sha buɗe wa cutar ƙarancin niyasin, wato felagira, ƙofa.

Aikinsa a jiki

Daga niyasin jiki ke haɗa wasu sinadarai biyu da masana ke kira NAD da NADP. Su ne ke taimaka wa ƙwayoyin halitta su fitar da ƙarfi daga sitaci da mai da furotin, kuma suna da hannu a gyaran ƙwayoyin gado idan sun lalace. Ayyukan jiki sama da 400 sun dogara da su. Shi ya sa sassan da ke saurin sabuntawa ko suke cin ƙarfi da yawa, wato fata da bangon hanji da ƙwaƙwalwa, su ne ke fara kokawa.

Namiji baligi yana buƙatar kimanin miligiram 16 a yini, mace miligiram 14. Mai juna biyu tana buƙatar 18, mai shayarwa 17. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 6 ya ishe shi, daga nan buƙatar tana hawa har ya balaga.

Niyasin ya sha bamban da yawancin bitamin ta fuska ɗaya: hanta tana iya ƙera shi daga tiriftofan, wani ɓangare na furotin. Sai dai canjin yana da tsada, domin sai an sami tiriftofan miligiram 60 kafin a fitar da niyasin miligiram 1, kuma aikin ba ya tafiya sai da bitamin B2 da B6 da sinadarin ƙarfe. Ke nan hanyoyin samunsa biyu ne, ko a ci shi kai tsaye, ko a ci furotin mai kyau jiki ya ƙera da kansa.

Hanta, nama da kifi

Hanta tana sahun gaba. Giram 100 na dafaffiyar hantar saniya yana ɗauke da miligiram 15 zuwa 17, wato buƙatar yini guda cif. Ƙirjin kaza yana biye mata da kimanin 12 zuwa 14, cinya kuwa rabin haka. Jan nama na shanu da tumaki da awaki yana ba da 4 zuwa 7, ƙoda ma ba ta yi ƙasa da haka ba. Niyasin ɗin da ke cikin nama a sake yake, hanji yana tsotse kusan dukkansa, ga kuma tiriftofan a kai.

Kifi ma babbar kafa ce. Na teku irin su tuna da sadin da kifin ƙanƙara da ake kira taitus sun fi yawansa, amma tarwaɗa da karfasa da sauran kifin kogi suna ba da nasu gwargwado. Busasshen kifi da banda sun fi ɗanye ƙarfi idan aka auna nauyi da nauyi, tun da ruwa ne ya fita, bitamin ɗin bai tafi ba. Ƙananan kifin da ake dakawa a zuba a miyar kuka ko kuɓewa suna yin aikin da ya fi kuɗinsu.

Madara da ƙwai lamarinsu daban ne. Niyasin ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai, amma suna da tiriftofan mai yawa. Daga ƙwai ɗaya jiki zai iya ƙera fiye da miligiram 1, daga kofin madara ko nono kusan 2. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cika ganin cutar a wajen makiyaya masu shan nono kullum ba, haka ma jariran da ke shan mama.

Gyaɗa

A cikin abincin da ake nomawa, da wuya a sami wanda ya kamo gyaɗa. Giram 100 na ɓararriyar gyaɗa yana da niyasin miligiram 12 zuwa 14, kusan daidai da ƙirjin kaza, sannan tiriftofan ɗinta zai ƙara wajen 4. Cikin tafin hannu ɗaya na soyayyar gyaɗa yana biyan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar babba.

Man gyaɗa ba ya cikin wannan lissafi. Niyasin a ruwa yake narkewa, ba ya bin mai, don haka idan mata suka matse tunkuza, man da suka tsiyaye babu bitamin ɗin a ciki, yana nan a cikin tunkuzar. Ƙuli-ƙuli, wanda wasu ke ɗauka abin taunar yara ne ko na marar hali, shi ya gaji kusan duk niyasin da furotin ɗin gyaɗar.

In aka duba girkin Hausa da wannan ido, za a ga gyaɗa ta daɗe tana toshe giɓi. Ana daka ta a miyar taushe da miyar alayyafo, ana dama kunun gyaɗa, ana kwaɗa zogale da rama da tafasa da garin ƙuli, ana barbaɗa shi a dambu, ana shafa shi a tsire da kilishi. Duk waɗannan hanyoyi ne da hatsi ke samun abokin tafiya mai cike masa abin da ya rasa. Ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano har zuwa farkon shekarun 1970 ba ta rasa wannan kariya a tukunyarta ba.

Akwai sharaɗi ɗaya. Gyaɗar da ta yi fumfuna a wajen ajiya tana iya ɗaukar gubar afalatoksin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta gaba ɗaya. Wadda ta motse, ta canza launi ko take ɗaci, tsincewa ake yi a zubar, ba a mayar da ita ƙuli.

Wake da gurjiya da waken suya niyasin ɗinsu matsakaici ne, wajen miligiram 2 a giram 100 na busasshe, amma furotin ɗinsu yana kawo tiriftofan, musamman waken suya da ake yin awara da shi. Riɗi yana da wajen 4. Ganyaye da dankali da tumatir suna ƙara kaɗan-kaɗan. Yis na burodi da naman kaza irin wanda aka tabbatar ana ci suna da shi sosai, ko da yake ba su da babban gurbi a girkinmu. Gahawa ma tana bayarwa, domin gasa 'ya'yanta yana mayar da wani sinadari nata niyasin.

Matsalar masara

A ɗakin gwaji, masara ba ta nuna talauci. Giram 100 yana da niyasin miligiram 2 zuwa 3 da ɗoriya, kusan daidai da gero da dawa. Matsalar ita ce mafi yawansa a ɗaure yake da wasu sinadaran ƙwayar, hanjin ɗan Adam ba ya iya kwance shi. A busasshen hatsi gaba ɗaya, abin da jiki ke amfana da shi bai cika wuce kashi 30 cikin ɗari ba.

Sauran hatsi suna rufe wannan rauni da tiriftofan. Masara kuwa furotin ɗinta yana da ƙarancinsa ƙwarai, don haka hanyoyin biyu duk a toshe suke. Gero da alkama da shinkafa sun fi ta a nan. Dawa tana tsakiya: an ga cutar a yankin Dekan na Indiya a wajen talakawan da dawa ce kaɗai abincinsu, har masanin abinci Gopalan ya danganta hakan da yawan wani ɓangaren furotin mai suna lusin. Masana sun yi ta jayayya a kan wannan bayani, amma ba su musa aukuwar cutar ba.

Surfe yana ƙara rage abin da ke akwai. Yawancin bitamin na dangin B suna cikin dusa da idon ƙwaya, waɗanda ake cirewa don tuwo ya yi fari da laushi. Dusar takan tafi wajen awaki da kaji. Wankewa da jiƙawa da tace gasara ana zubar da ruwan su ma suna tafiya da wani kaso. Haka abin yake ga shinkafa: wadda aka goge ta yi fari fat ta rasa fiye da rabin niyasin ɗinta, wadda aka turara da ƙaiƙayinta kafin a cashe kuwa tana riƙe mafi yawansa, saboda tururin yana tura bitamin ɗin cikin ƙwayar.

Ɗanyar masara da ake gasawa ko dafawa da damina ba ta cikin wannan zargi. Kafin ƙwayar ta ƙosa ta bushe, niyasin ɗinta bai ɗauru ba tukuna.

Masara ba ta daɗe da zama babban abinci a ƙasar Hausa ba. A da amfanin bayan gida ce, ana cinta ɗanya kafin gero ya nuna. Ta bazu a gonaki ne daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe suka kawo ingantaccen iri da takin zamani mai rahusa. Ta fi gero da dawa yawan amfani a kadada, kuma wannan alheri ne da ba a musawa. Amma ta shigo ba tare da dabarar sarrafa ta ba.

Dabarar mutanen Meziko

A Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda aka fara noman masara shekaru dubbai da suka wuce, mutane sun rayu a kanta ba tare da cutar ta zama annoba ba. Suna tafasa ƙwayar a ruwan farar ƙasa ko na toka, su bar ta ta kwana a ciki, su wanke, sannan su niƙa. Kaifin ruwan yana kwance niyasin ɗin da ke ɗaure. Suna kuma cin masarar da wake.

Turawan Sifen da suka kai masara Turai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 sun ɗauki irin, sun bar dabarar. Haka ta iso Afirka.

Mai karatu zai tuna da kanwa da ruwan toka da ake sa wa wasu girke-girke, kuma gaskiya ne danginsu ɗaya ta fuskar kaifi. Amma ɗan ƙullin kanwa a tukunyar tuwo daban yake da tafasa ƙwaya a jiƙa ta dare guda, sannan yawan kanwa yana lalata bitamin B1 da B2. Ba hanyar da za a dogara da ita ba ce.

Cutar felagira

Likitan Sifen Gaspar Casal ne ya fara bayyana cutar a 1735 a wajen manoman yankin Asturiyas. Daga baya ta mamaye arewacin Italiya, inda talakawa ke rayuwa a kan faten masara, har aka ƙirga masu ita sama da 100,000 a wajajen 1880. Ta taɓa kudancin Faransa da Romaniya da Masar da Afirka ta Kudu.

Alamunta na farko ba sa jan hankali: kasala, rashin cin abinci, rama, rashin barci. Sai fata ta fara yin ja kamar ƙuna a wuraren da rana ke bugu, bayan hannu da ƙafa da fuska da wuya, dama da hagu daidai wa daida. Daga baya ta yi baƙi, ta yi kaushi, ta tsattsage. Na wuya yakan zagaye kamar sarƙa, likitoci har yau suna kiransa da sunan Casal. Harshe yana yin ja ya kumbura, baki ya yi gyambo, gudawa ta ƙi tsayawa. In abin ya yi nisa sai mantuwa da ruɗewa da taɓin hankali, ƙarshe mutuwa. A wurin da ba a san cutar ba, abu ne mai sauƙi a ɗauke ta a matsayin ƙyasbi ko sammu ko iska, a yi ta shafe-shafe da turare alhali maganin yana cikin kwano.

Kusan shekara 200 ana gardama kan sababinta. Cesare Lombroso na Italiya ya dage cewa guba ce a cikin ruɓaɓɓiyar masara. Wasu suka ce ƙwayar cuta ce da ƙwari ke yaɗawa, wasu suka ce gado ce.

A kudancin ƙasar Amurka, tsakanin 1906 da 1940, cutar ta kama mutum kimanin miliyan 3, ta kashe wajen 100,000, yawancinsu manoman auduga 'yan haya da ma'aikatan masaƙu masu cin garin masara da kitsen alade da ruwan rake. A 1914 hukumar lafiya ta ƙasar ta tura Dakta Joseph Goldberger ya bincika. Abin da ya fara lura da shi shi ne, a gidajen marayu da asibitocin masu taɓin hankali, mazauna ne ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su ba sa kamuwa. Ya ƙara madara da ƙwai da nama da wake a abincin marayu a jihar Misisifi, cutar ta ɓace. A 1915 ya sa fursunoni 11 da suka amince a kan abincin da galibinsa masara ce, cikin wata biyar kusan rabinsu suka kamu. Da masu musu suka ƙi yarda, a 1916 shi da matarsa da abokan aikinsa suka yi wa kansu allurar jinin majinyata, babu wanda ya kamu.

Shugabannin yankin ba su ji daɗi ba, domin bayaninsa yana nufin talauci ne tushen cutar. Goldberger ya rasu a 1929 bai gano ainihin sinadarin ba. Conrad Elvehjem na Jami'ar Wiskonsin ne ya nuna a 1937 cewa niyasin da ya ciro daga hanta yana warkar da irin cutar a karnuka, nan da nan aka gwada a mutane aka dace. Daga farkon shekarun 1940 aka shiga ƙara shi a fulawa da burodi da garin masara, kuma kafin shekara goma cutar ta kusa ƙarewa a Amurka.

Inda take ɓulla a yau

Felagira ba ta tafi ba. A 1990, a sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, an sami masu ita kimanin 18,000. Rabon abincinsu garin masara ne da wake da mai da gyaɗa, sai gyaɗar ta yanke na wasu watanni, cutar ta ɓarke. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba, waɗanda ke da ɗan lambu ko suke samun kifi ko gyaɗa kuma sun fi tsira. An sake ganin ta a garin Kuito na Angola a 1999 da 2000 lokacin yaƙi, da kuma tsakiyar Mozambik bayan guguwar Idai ta 2019. Duk inda rikici ko fari ya raba mutane da gonakinsu da dabbobinsu suka koma dogaro da buhun agaji, wannan haɗari yana nan.

Akwai kuma masu kamuwa ko da abinci bai yanke ba. Mashaya giya na sahun gaba, domin giya tana hana hanji tsotsar bitamin, mashayin kuma ba ya cin kirki. Masu daɗaɗɗiyar gudawa da masu cutar ƙanjamau suna cikin haɗari. Maganin tarin fuka mai suna isoniyazid yana tare aikin bitamin B6, ta haka ya rage ƙera niyasin daga tiriftofan. Wannan ba dalilin barin magani ba ne, dalili ne na gaya wa likita da zarar fata ta fara sauyawa.

Maganin cutar ba shi da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nikotinamaid, wani nau'in niyasin, kimanin miligiram 300 a yini a rarrabe, na mako uku zuwa huɗu, tare da sauran bitamin B da abinci mai gina jiki. Ruɗewa da gudawa kan lafa cikin 'yan kwanaki, fata ta fi ɗaukar lokaci.

Ƙarawa a gari ko faɗaɗa kwano

Masana abinci sun kasu kan inda ya kamata a fi sa ƙarfi. Wani ɓangare yana ganin ƙara bitamin a masana'anta ya fi sauri da araha, tun da ba ya buƙatar kowa ya sauya abin da ya saba ci. Afirka ta Kudu ta wajabta ƙara niyasin da wasu sinadarai a garin masara da fulawa a 2003. Najeriya ta fara tilasta inganta fulawa da garin masara da sukari da man girki a 2002, kuma ma'aunin fulawar alkama ya haɗa da niyasin, don haka burodi da taliyar da aka yi da irin wannan fulawa suna kawo wani kaso.

Ɗaya ɓangaren yana nuni da cewa dokar tana tsayawa ne a ƙofar manyan kamfanoni. Magidancin da ya auno masara a kasuwa ko ya ɗebo daga rumbu, aka surfa aka kai injin unguwa, babu abin da aka ƙara wa garinsa, kuma shi ne mafi yawa, shi ne kuma ya fi buƙata. A wajensa hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi. Abin da zai yi masa aiki shi ne sirka masara da gero ko waken suya wajen niƙa, rage tsananin surfe, da tabbatar da cewa gyaɗa ko wake ko kifi ko nono ya shiga abincin yini. Rabon kwano ma yana da tasiri, domin a gidan da tsokar miya ke tafiya wajen maigida, mai ciki da mai goyo ne ke zama da gayan tuwo.

Wajen girki, niyasin yana da juriya. Zafi da haske da iska ba sa lalata shi kamar yadda suke yi wa bitamin C. Ta ruwa yake salwanta: romon nama da ruwan dafa wake ko ganye, in an zubar, an zubar da wani kaso nasa.

Ƙwayoyin kanti

Niyasin ɗin da ke cikin abinci na asali ba ya yin yawa har ya cutar. Na ƙwaya kuwa yana yi. Daga miligiram 30 zuwa 50 na nau'in da ake kira nikotinik asid, fuska da ƙirji kan ɗau zafi da ƙaiƙayi, shi ya sa hukumomin lafiya na Amurka suka sa miligiram 35 a matsayin iyakar abin da babba zai sha a yini ba tare da umarnin likita ba. Shan giram 1 zuwa 3 kullum na tsawon lokaci yana iya taɓa hanta, ya ɗaga sukarin jini, ya tayar da ciwon gaɓoɓi na gawut.

Shekaru da dama likitoci sun yi amfani da irin wannan babban awo don gyara kitsen jini. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga sakamakonsu a 2011 da 2014 sun nuna cewa ƙara shi a kan magungunan sitatin masu rage kitsen jini bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, illa ya ƙara matsaloli, don haka aka ja baya da shi. Masu ciwon sukari da ciwon hanta da gyambon ciki, da mata masu juna biyu, ba sa shan babban awo sai likita ya rubuta kuma yana bibiya.